Yaro yana karatu daidai amma da jan ƙafa: disleksiya ce ko rashin sabo?

Alli_da_Allo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamai da masu ilimin abin. Abin da aka fi yaɗawa game da disleksiya, wato larurar da ke sa karatu ya yi wa yaro wuya, shi ne yaro yana juya harufa, ya ga b ya kira d. To ga wasu yaran daban: ka ba su shafin Hausa, za su karanta kusan babu kuskure, amma layin da sa'o'insu ke gamawa cikin sakan biyar su sai sun yi sakan ashirin a kansa, suna jan kalma gaɓa-gaɓa. In sun kai ƙarshen shafi ka tambaye su me labarin ya ce, sai su yi zuru. Wannan ma disleksiya ce ko rashin sabo ne kawai? In ita ce, saurin yana gyaruwa ko da shi za a girma? Don Allah amsa mai hujja nake so, ba "a sa shi lesin" ba.

Baƙi_da_Wasali:
Wa'alaikumus salam Malam. Tana iya zama ita ce. A rubutu irin na boko, inda harafi ke tafiya da sautinsa, da wannan kamar ma ake sa ran ta fi fitowa.

Tushen larurar yana wajen sarrafa sautukan magana. Karatu shi ne ka ɗora kowane harafi a kan sautinsa, ka haɗa sautukan su ba ka kalma. Mai disleksiya yana shan wuya wajen rarrabe ƙananan sautukan da ke cikin kalma, da riƙe su a jere, da zaƙulo su da sauri. Yadda raunin zai nuna kansa kuwa ya danganta da rubutun harshen. A Ingilishi harafi ɗaya yana iya ba da sauti uku ko huɗu, don haka yaron zai yi ta kuskure a fili. A Jamusanci ko Italiyanci, inda kusan abin da aka rubuta shi ake faɗa, yana iya lallaɓawa harafi bayan harafi har ya iso ga kalmar daidai. Wani mai bincike, Heinz Wimmer, a Ostiriya ya nuna haka a 1993: yara masu disleksiya da ke karatun Jamusanci kuskurensu kaɗan ne, abin da ya raba su da sa'o'insu shi ne jinkiri mai tsanani da raunin rubuta kalmomi daidai.

Batun manta labarin kuma lissafi ne. Ɗauki jimla mai kalma 12. Wanda ke karanta kalma 120 a minti zai gama ta cikin sakan 6. Wanda ke karanta 30 sai ya yi sakan 24. Ƙwaƙwalwar da ke riƙe magana na ɗan lokaci ba ta jira haka, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya zube. Ga shi kuma duk ƙarfinsa ya tafi wajen haɗa ma-ka-ran-ta, babu saura da zai kashe wa ma'ana.

Inna_Mai_Haƙuri:
To ai ni ban gane ba. In bai fahimci labarin ba, ba fahimtar ce ke da matsala ba?

Baƙi_da_Wasali:
Hajiya, gwajin mai sauƙi ne. A samo labari biyu masu nauyi ɗaya. Na farko ya karanta da kansa a yi masa tambayoyi biyar. Na biyu a karanta masa da baki a yi masa biyar. In ya ci ɗaya a na farko ya ci huɗu ko biyar a na biyu, fahimtarsa lafiya lau, ƙofar shiga ce ta cushe. In duka biyun ya faɗi, to akwai raunin harshe ko ƙarancin kalmomi, kuma aikin da za a yi masa daban ne. Masu bincike Gough da Tunmer sun tsara wannan tun 1986: fahimtar karatu tana buƙatar iya fitar da kalma daga rubutu da kuma fahimtar magana, in ɗaya ya zama sifili duka sun zama sifili.

Mai_Awo:
Kafin a yi nisa, "yana da jinkiri" ba awo ba ne. Ga yadda ake aunawa, kuma agogon waya ya isa.

A samo labari uku na matakin ajinsa waɗanda bai taɓa gani ba. Kowanne kwafi biyu, ɗaya a gabansa, ɗaya a hannunka da ka ƙirga kalmomin kowane layi. Ya karanta da murya na minti ɗaya cif. Ka ja layi a kan kalmar da ya faɗa ba daidai ba, ko ya tsallake, ko ya musanya da wata. In ya tsaya a kan kalma sakan uku, ka sa mata alamar kuskure ka ce ya ci gaba. In ya yi kuskure ya gyara da kansa, daidai ce. Da minti ya cika ka sa alama inda ya tsaya. Kalmomin da ya karanta, a cire kurakurai, shi ne adadinsa. Wanda ya gama kafin minti ya cika, ka ɗauki kalmomin da ya faɗa daidai, ka raba su da sakan ɗin da ya yi, ka ninka da 60. Cikin sakamakon uku ka ɗauki na tsakiya, domin labari ɗaya yana iya yi masa sauƙi ko tsauri fiye da kima.

Sai lamba ta biyu, wadda mutane ke mantawa: kashi nawa cikin ɗari ya faɗa daidai. Yaro ya karanta kalma 40 da kuskure 2, wannan kashi 95 ne, jinkiri ne matsalarsa. Wani ya karanta 40 da kuskure 12, kashi 70 ne, wannan bai ma riƙe baƙaƙe da wasula ba tukuna, maganar sauri ba ta taso ba.

Kuskuren da aka fi yi wajen awon: a ba yaro labarin da aka riga aka karanta a aji. Mai kaifin hadda zai zuba maka shi kamar ruwa idonsa na kan takarda.

Ɗan_Kurmi82:
Nawa ne adadin da ya kamata ɗan aji uku ya kai?

Mai_Awo:
Jadawalin da aka fi ambato na Hasbrouck da Tindal ne, na yaran Amurka masu karatun Ingilishi. A bugun 2017 yaro na tsakiya yana karanta kalma 100 daidai a minti a ƙarshen aji biyu, 112 a ƙarshen aji uku. Amma kada a ɗauko wannan a ɗora wa ɗan Hausa, harshe daban, makaranta daban. Abin da ya fi amfani shi ne ka auna duk ajin da labari ɗaya, ka jera sakamakon daga sama zuwa ƙasa, ka sa ido a kan kashi ɗaya cikin biyar na can ƙasa.

Malamar_Firamare:
Nan ne zan ja da ku kaɗan. Kuna magana kamar ajin duk ya iya karatu saura mutum uku. Lokacin da aka yi awon EGRA, wato gwajin karatun 'yan ƙananan azuzuwa, da Hausa a Bauchi da Sakkwato, mafi yawan 'yan aji biyu da uku ba su iya karanta ko kalma ɗaya ta labarin ba. Disleksiya kuwa adadin da aka saba bayarwa kashi 5 zuwa 10 ne cikin ɗari. Ke nan mafi yawan waɗanda ba su iya karatu a wajenmu ba larura ce ke damunsu ba, ba a koya musu ba ne: aji ya cika maƙil, babu littafi a hannu, ana biya musu "a, ba, ca, da" suna amsawa kamar waƙa. A irin wannan ajin, kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa duk sifili ne, haka ma na tsakiya. Wa za ka ware?

Shi ya sa ma'aunin likitocin Amurka na DSM-5, na 2013, ya gindaya sharaɗi: sai wahalar ta ɗore aƙalla wata shida duk da an yi wa yaron koyarwa ta musamman a kan abin, kuma ba rashin koyarwa ko rashin jin harshen makaranta ne ya jawo ba. A fara koyarwa mai kyau tukuna. Wanda aka koya wa tare da sa'o'insa, suka wuce shi ya tsaya, shi ne abin dubawa.

Mai_Awo:
Gaskiyarki Malama, na karɓi gyara. Jerawar tana aiki ne a ajin da karatu ya kankama.

Likitan_Ido:
Kafin a kira sunan kowace larura, a duba ido da kunne. Yaron da ke buƙatar tabarau, ko wanda ruwa ya daɗe a bayan dodon kunnensa yana jin magana dishi-dishi, zai yi kama da mai disleksiya. Haka wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko mai sikila, domin tana iya jawo ƙananan toshewar jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an lura ba. A tambayi iyaye tarihin lafiyarsa.

Abin dariya, mu likitocin ido ne muka fara shigo da ruɗanin. Rudolf Berlin, wanda ya yi amfani da sunan disleksiya a littafinsa na 1887, likitan ido ne a Jamus. James Hinshelwood na Gilasgo shi ma likitan ido ne, kuma "makantar kalma" suke kiran abin. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira, gwanin lissafi, amma ko sunansa yakan rubuta ba daidai ba. Tun daga nan mutane suka ɗauka ciwon ido ne.

Ga abin da ido ke yi. Ba ya zamewa a kan layi, tsalle yake yi. Ƙwararren mai karatun Ingilishi idonsa yana tsayawa kamar kwata na sakan, ya yi tsallen harafi bakwai zuwa tara, kuma kashi 10 zuwa 15 na tsallen komawa baya ne. Mai disleksiya yana tsayawa sau da yawa, kowace tsayawa ta fi tsawo, tsallen gajeru, komawa baya ta fi yawa, kuma doguwar kalma tana cin masa lokaci gwargwadon yawan harufanta. Sai dai idon yana jiran ƙwaƙwalwa ne ta gama fitar da kalmar. Ka ba ƙwararre rubutun da ya fi ƙarfinsa, shi ma idonsa haka zai yi. Saboda haka motsa jikin ido da tabarau masu launi da ledar launi da ake ɗorawa a kan shafi ba magani ba ne. Ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a 2009 cewa babu hujjar da ta goyi bayansu. Kada a kwashe wa iyaye kuɗi.

Ɗan_Kurmi82:
Likita to juya b da d fa? Ƙarya ce ke nan?

Likitan_Ido:
Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce alamar ba. Kusan duk yaro mai koyon rubutu yana yi har wajen shekara bakwai. Ƙwaƙwalwa ta saba cewa buta buta ce ko bakinta na kallon gabas ko yamma, sai an koya mata cewa a harafi juyawa tana canza suna. Mai disleksiya yana daɗewa a wannan matakin saboda ya daɗe yana sabon shiga.

Nahawu_Zalla:
Mu kuma namu ya ninka: b, d, ɓ, ɗ, ga k da ƙ. Sanda ɗaya, tumbi ɗaya, ƙugiya ce kawai ta raba. Kada a koyar da b da d a mako ɗaya, a bar ɗaya ya zauna daram kafin a kawo ɗan'uwansa. Masu ƙugiya kuma a koyar da su da kalmomi biyu-biyu da kunne zai ji bambanci: kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, bari da ɓari.

Sannan ina da gyara ga Baƙi_da_Wasali. Ka sa Hausa a layi ɗaya da Italiyanci, amma boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. "Gari" na zama ne ko na tuwo? "Kuka" ta miya ce ko na hawaye? "Fari" launi ne ko rashin ruwan sama? "Ya tafi" labari ne cewa ya riga ya tafi, ko umarni ne a ce masa ya tafi? Ƙwararre yana warware wannan daga sauran jimlar ba tare da ya sani ba. Wanda ke rarrafe gaɓa-gaɓa, farkon jimlar ya riga ya zube masa, da me zai warware? Sai ya faɗi harufan daidai amma da karin da ba na kalmar ba, ya ji ba ta yi ma'ana ba, ya koma baya. Mai awo zai rubuta masa "daidai", alhali shi bai gane kalmar ba. Ga kuma rubutun waya da mutane ke zubar da ƙugiya gaba ɗaya, wanda ke ƙara masa aikin kintace.

Baƙi_da_Wasali:
Allah ya ƙara sani Malam, haka ne. Abin da nake nufi shi ne baƙaƙen ba sa yaudara, kuma gaɓoɓinmu masu sauƙi ne, yawanci baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Amma maganar karin sauti ta zauna, kuma zan ƙara wa Mai_Awo ita: in yaro ya faɗi "gari" da karin da bai dace da jimlar ba, a sa alama ta daban a gefe.

Gardin_Tsangaya:
Allah gafarta malamai, ku leƙo makarantar allo ma. Tsarinmu na babbaƙu sannan farfaru shi ne dai abin da kuke kira koyar da harafi da sautinsa: a san baƙi tukuna, alu, ambaki, wau, zal, sannan a ɗora wasali. Inda abin ke ɓoyewa shi ne hadda. Yaro mai kunne zai ji an biya masa sau uku ya riƙe, ya zo ya kawo allonsa sumul a ce ya wanke. Yana iya yin nisa a haka ba tare da ya iya fitar da kalma daga rubutu ba. Gwajinsa: a nuna masa kalma a tsakiyar allo ba bisa jeri ba, ko a rubuta masa ayar da bai kai ba. Kuma harufan Larabci suna da tasu wahalar. Harufan ba, ta, sa, nun da ya a tsakiyar kalma haƙori ɗaya ne, ɗigo ne ya raba su. A rubutun Warshu kuma fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, sai yaro ya je Islamiyya ya tarar da bugun Hafsu an canza masa. Wanda ke da rauni, wannan sauyin kaɗai ya isa ya mayar da shi baya. Bulala ba ta sa ɗigo ya fito.

Alli_da_Allo:
Na ƙaru ƙwarai. Amma ku dawo mini kan rabin tambayata na biyu. Saurin yana gyaruwa?

Mai_Nazari_Zariya:
Amsar da ba ta da daɗi: daidaito ya fi sauri saurin gyaruwa.

Joseph Torgesen da abokan aikinsa sun buga wani nazari a 2001. Yara 60 masu matsananciyar wahalar karatu, 'yan shekara 8 zuwa 10, aka yi musu koyarwar mutum ɗaya da malami ɗaya, zama biyu a rana na minti 50, har awa 67 da rabi cikin mako takwas. Daidaiton karatunsu da fahimtarsu suka hau sosai, da yawa suka shiga sahun tsaka-tsaki, kuma bayan shekara biyu ribar tana nan. Sauri kuwa ya ci gaba da zama can baya da na sa'o'insu.

Dalilin yana da ma'ana. Sauri yana zuwa ne daga yawan kalmomin da mutum ke ganewa da kallo ɗaya, kuma kalma ba ta shiga wannan rumbun sai an karanta ta daidai sau da yawa. Mai disleksiya yana buƙatar maimaici fiye da kowa, amma shi ne ya fi kowa ƙarancin karatu saboda yana ba shi wuya. Kafin a gyara masa tushe a aji huɗu, sa'o'insa sun yi shekara uku suna tara kalmomi, kuma ba tsayawa za su yi su jira shi ba. Keith Stanovich ya bayyana wannan a 1986: mai shi ake ƙara wa. Shi ya sa wanda aka kama a aji ɗaya ya fi samun damar kusantar sa'o'insa a sauri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma rauni na biyu da Maryanne Wolf da Patricia Bowers suka jaddada a 1999: saurin kiran sunan abin da aka riga aka sani. Gwajinsa na Denckla da Rudel ne. A zaɓi lambobi ko launuka biyar da yaron ya sani sarai, a jera su a cakuɗe, layi biyar kowanne guda goma, 50 ke nan, ya kira su da iyakar saurinsa a duba agogo. Ana iya yin sa da launuka tun yaro bai fara karatu ba. Wanda ya haɗa wannan jinkirin da raunin rarrabe sauti, nasa ya fi tsanani.

Inna_Mai_Haƙuri:
Ke nan babu abin yi in yaro ya girma?

Mai_Nazari_Zariya:
A'a Hajiya, akwai. Yana ƙaruwa, cim ma sa'o'i ne ke da wuya. Daga kalma 30 zuwa 70 a minti bambanci ne tsakanin wanda ke manta farkon jimla da wanda ke bin labari.

Malamar_Firamare:
Ga tsarin zama na minti 25 zuwa 30, kwana huɗu ko biyar a mako. Gajeren zama kullum ya fi dogon zama ranar Asabar.

Minti biyar na farko babu takarda, kunne kawai. Tafa gaɓoɓin "makaranta". Cire "ta" daga "tafiya", me ya rage? Canza sautin farko na "kaza" ya koma g. Minti biyar na biyu katin harufa da gaɓoɓi: ya gani, ya faɗi sautin, ya zana da yatsa a tire mai yashi yana faɗa. Masu goyo irin sh, ts, ky, gw, ƙw a koyar da su a matsayin sauti ɗaya a kati ɗaya, in ba haka ba zai karanta "tsaba" da t daban s daban. A riƙa saka kalmomin bogi irin "tigu" da "zanfo", domin su ba a haddace su, dole sai an haɗa.

Sai maimaita karatu, dabarar da Jay Samuels ya yaɗa a 1979. Labari mai kalma 50 zuwa 200 wanda yaron ke iya karanta aƙalla tara cikin goma na kalmominsa daidai. In kuskure ya wuce ɗaya cikin goma, labarin ya yi masa nauyi, a sauko. Ya karanta a auna. Malami ya karanta masa da murya mai kyau yana bi da yatsa. Su karanta tare. Ya sake shi kaɗai sau biyu ko uku a auna na ƙarshe, a zana masa a jadawali ya ga layinsa na hawa. A rufe da tambaya biyu a kan ma'ana da shifta ta kalma biyar.

Inda ake ɓata abin: a ce masa "yi sauri". Sai ya koma kallon harafin farko yana kintacen sauran, ya ga "makaranta" ya ce "makarfi" ko "magana". Adadi ya hau, karatu ya lalace. Na biyu, a daɗe a labari ɗaya har ya haddace. Bayan karo na huɗu riba tana raguwa. Na uku, ribar ba ta bin yaro zuwa sabon labari sai in labaran suna da kalmomi iri ɗaya da yawa, don haka a zaɓi waɗanda ke maimaita kalmomin juna. Awon gaskiya shi ne na labarin da bai taɓa gani ba, sau ɗaya a mako biyu.

Kwamfuta_Boy:
Akwai wasu salon harufa na musamman, OpenDyslexic da Dyslexie, masu kauri a gindi. A sauke a waya kawai, an huta.

Mai_Ɗab'i:
Ƙanena, da haka ne da an daɗe da hutawa. An gwada su da Arial da Times New Roman, ba a ga ƙarin sauri ko daidaito ba. Abin da ya fi samun goyon baya shi ne tazara. Marco Zorzi da abokansa a 2012 sun buɗa tazarar harufa ga yaran Italiya da Faransa masu disleksiya, kurakurai suka ragu da kusan rabi, sauri ya ƙaru. Harufa in sun matsu suna shiga wa juna.

In kana buga wa irin yaran nan takarda: girman harafi 12 zuwa 14, tazarar layi ɗaya da rabi, a jingina rubutu a hagu kada a miƙe shi gefe biyu, a guji rubutun gicciye da manyan baƙaƙe zalla da ja wa jimla layi. Kuma ka tabbata salon yana da ƙ, ɗ, ɓ nasa. In babu, kwamfuta za ta aro daga wani salon, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta tsawo ko siranta a tsakiyar kalma. Salon Andika na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL an yi shi ne don masu koyon karatu kuma yana da su duka, kyauta. Hoton takarda da ya dusashe har ƙugiya ta ɓace kuwa, gara a sake bugawa.

Ɗan_Damagaram:
A nan Nijar wani nauyin ne a kai: Faransanci, inda harufan ƙarshen kalma da yawa ba a furta su, sauti ɗaya kuma a rubuta shi o, au, eau. Ga yaro bai ma ji harshen ba. In ana son a san gaskiyar matsalarsa a auna shi da harshen da yake magana da shi kuma aka koya masa karantawa. Auna ɗan Hausa da Faransanci ko Ingilishi kaɗai ba zai raba maka mai disleksiya da wanda bai ji harshen ba.

Malam_Jarrabawa:
Ana cewa sannu ba ta hana zuwa, amma a ɗakin jarrabawa tana hanawa. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, sakan 40 ke nan kowace tambaya. Marc Brysbaert ya tattara nazarce-nazarce 190 a 2019 ya samu cewa babban mutum yana karanta kalma 238 a minti a zuci a Ingilishi, in ba ƙagaggen labari ba ne. Mu ce ɗalibi yana yin 200, wani yana yin 100. Nassi mai kalma 400 zai ci wa na farko minti biyu, na biyu minti huɗu, lokacin tambaya shida ke nan tun bai taɓa amsa ko ɗaya ba, kuma shi ne zai fi buƙatar sake karantawa. A Ingila ana ba irin waɗannan ƙarin kashi 25 cikin ɗari na lokaci bayan an auna su. A jarrabawar cikin makaranta babu abin da ya hana malami yin haka, ko ya karanta wa yaro tambayoyin lissafi da kimiyya da baki.

Ɗan_Kurmi82:
Wannan ba zalunci ba ne ga sauran? Kowa ai zai so ƙarin lokaci.

Malam_Jarrabawa:
Ya danganta da abin da kake aunawa. In saurin karatu kake aunawa, kada ka ƙara wa kowa. In sanin kimiyya ne, agogo ya hana ka ganin abin da yaron ya sani.

Nahawu_Zalla:
Ɗan_Kurmi bai yi ƙarya duka ba. In jarrabawa ta matse har masu karatu lafiya ma ba sa gamawa, ƙarin lokaci zai amfani kowa, kuma wanda iyayensa ke da kuɗin zuwa a auna shi ne zai samu takardar. Gara a tsara jarrabawar da kusan kowa zai gama cikin lokaci.

Kwamfuta_Boy:
To manhajojin da ke walƙo kalma ɗaya-ɗaya a allon waya fa, masu cewa za ka kai 500 a minti?

Likitan_Ido:
Su ma a bar su. Suna hana ido komawa baya, alhali komawar ce ke gyara fahimta in an yi tuntuɓe. Keith Rayner da abokansa sun duba da'awar masu koyar da karatun gaggawa a 2016, suka ce sauri in ya wuce kima fahimta ce ke biya. Abin da ke taimaka wa babba shi ne na'ura ta karanta masa da murya yana bin rubutun da ido. Da Hausa dai a saurara da kyau, tunda rubutun bai nuna kari ba na'urar ma kintace take yi tsakanin garin zama da garin tuwo.

Inna_Mai_Haƙuri:
Ana gadonta? Kuma gaskiya ne maza kawai take kamawa?

Mai_Nazari_Zariya:
Ana gado. Snowling da Melby-Lervåg sun haɗa nazarce-nazarce a 2016 suka samu kusan kashi 45 cikin ɗari na yaran da ke da mai larurar a iyaye ko 'yan'uwa na jini su ma suna samunta. In uba yana gudun karatu a bainar jama'a kuma rubutunsa cike da kuskure duk da ya yi makaranta, a sa ido a kan 'ya'yan tun kafin aji ɗaya. Batun maza kuma, nazarin Sally Shaywitz a jihar Konetikat ya nuna makarantu sun fi tura maza nesa ba kusa ba, amma da aka auna kowa da kowa tazarar ta ragu ƙwarai. Namiji in ya kasa sai ya tayar da rigima a gan shi. Mace sai ta yi shiru a bayan aji tana motsa baki tare da masu amshi.

Alli_da_Allo:
Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage mini. Na ga ana yawan cewa sai yaro ya kai kalma 45 zuwa 60 a minti kafin ya fahimta. Mu riƙe wannan a Hausa?

Mai_Awo:
Adadin Helen Abadzi ne, ta yaɗa shi lokacin tana Bankin Duniya, kuma an yi ta ja da ita a kan cewa kalma ba tsawonta ɗaya ba a kowane harshe. A Hausa "ya", "ta", "da", "na", "a" duk kalmomi ne a ƙirga, ga kuma irin su "ma'aikatansu" mai gaɓa biyar ita ma ɗaya. Labari biyu masu kalma 60 suna iya bambanta sosai a yawan gaɓoɓi. Ni dai shawarata a ƙirga duka biyun, kalma da gaɓa, a rubuta a gefen kowane labarin awo.

Malamar_Firamare:
Malam, mai yara tamanin a aji zai zauna ƙirgar gaɓa? A ƙirga sau ɗaya a matakin makaranta a buga a jikin takardar, sannan mu yi magana.

Nahawu_Zalla:
Kuma kafin a ƙirga sai an daidaita rabon kalma. Wani ya rubuta "za su", wani "zasu", wani "a kan", wani "akan". Labari ɗaya, malamai biyu, adadi biyu. Wa ke da labaran awo da aka tace bisa ƙa'idar rubutu ya ɗora mana a nan mu duba?